Kwana biyu tsakanin Fas da Ifran: abin da hoton ƙanƙara ba ya faɗa wa ƴan gida

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, duk mai ɗan'uwa ko aboki da ke karatu a Maroko ya san irin hotunan da ke cika WhatsApp da Facebook: saurayi cikin ƙatuwar rigar sanyi, hula har kunne, dusar ƙanƙara fara fat a bayansa, ga gidaje masu jan rufi mai tsini irin na fina-finan Turawa. A Maraɗi, Damagaram da Tawa, da yawa daga masu kallo kan ɗauka yaron ya ƙetara Turai ne. Alhali galibin hotunan a wuri ɗaya ake ɗaukar su, wato Ifran, wani ƙaramin gari da ke kan tsaunukan Atlas, kilomita 60 da ɗoriya kudu da birnin Fas.

Ɗaukar hoton ba ta wuce ƙiftawar ido, amma ɗalibi kan yi watanni yana tara kuɗin zuwa wurin, kuma idan hoton ya isa gida yakan haifar da abin da mai shi bai zata ba. Wani ɗalibi ɗan Damagaram mai shekara 22, da ke aji na biyu a fannin tattalin arziki a jami'ar birnin Kenitra, ya yi wannan tafiya a wani ƙarshen mako na watan Janairu tare da abokansa biyu, ɗaya ɗan Maraɗi, ɗaya ɗan Yamai. Ya nemi a sakaya sunansa, domin a cewarsa maganar ta shafi aljihun mahaifinsa da kuma ƙanensa da ke ajin ƙarshe na lise.

Dirhami 750 a wata

Da yawa daga cikin ƴan Nijar da ke jami'o'in gwamnatin Maroko sun shiga ne ta guraben karatu na haɗin gwiwa tsakanin ƙasashen biyu. A Yamai hukumar ANAB ce ke karɓar takardun waɗanda suka ci bak da sakamako mai kyau, a can kuma hukumar AMCI, wadda aka kafa a 1986, ita ke kula da ɗalibai baƙi. Tallafin da AMCI ta daɗe tana bai wa ɗalibi a wata dirhami 750 ne. Dirhami ɗaya ya ɗan haura dala 12, wato sefa 60, saboda haka kuɗin ya kama jika 45 zuwa 46.

Daga nan rashin fahimta ke farawa. Tun Janairun 2024, albashi mafi ƙaranci a Nijar jika 42 ne. Wanda ke zaune a Birni ko Zango ya ji cewa yaro na karɓar jika 45 alhali karatu kawai yake yi, zai ga ai ya fi ƙaramin ma'aikaci samu. Amma a Kenitra, kason ɗalibin na haya da wuta da ruwa, a gidan da suke zaune su huɗu, kan cinye fiye da rabin kuɗin. Abin da ya rage shi ne na burodi, ƙwai, taliya da kifin sardin idan ya yi araha, sai kuɗin bas, kwafin darussa da katin intanet. Ba ya ganin ƙarshen wata sai da ɗan abin da mahaifinsa, tsohon malamin makaranta, ke yankowa daga fanshonsa.

Shi ya sa tun watan Nuwamba su ukun suka buɗe asusu a cikin gwangwanin madara, kowa na jefa abin da ya rage masa duk ranar Juma'a. Suka daina zuwa gidan kofi kallon ƙwallo, inda dole sai mutum ya sayi abin sha kafin a bar shi ya zauna. Tikitin jirgin ƙasa shi kaɗai ya tasam ma dirhami 100 a zuwa, haka ma a dawowa. Rigar sanyin kuwa aro ce daga wani ɗalibi da ya riga su zuwa ƙasar, wanda shi ma ya gaje ta daga wani da ya gama karatu ya koma gida. Ɗalibin ya ce, cikin raha, idan aka bi hotunan ƴan Nijar na Kenitra ɗaya bayan ɗaya, za a tarar rigar ta fi kowa yawan zuwa Ifran.

Asabar: birnin da ya daɗe da sanin Gobir

Sun bar Kenitra bayan sallar asuba. Jirgin ya bi ta Sidi Kasem da Meknes, ya sauke su a Fas bayan awa biyu da wani abu. Wani ɗan Tawa da ke karatu a jami'ar Sidi Muhammad bin Abdullah ya tarbe su a tasha, kuma a ɗakinsa za su kwana, abin da ya raba su da kuɗin otel.

Tun farko sun ɗauki Fas a matsayin zango kawai kafin a kai ga ƙanƙara. Ɗan Tawan ne ya dage sai sun shiga tsohon birni. Suka shiga ta ƙofar Bab Bujlud da aka gina a 1913, mai ado shuɗi ta waje, kore ta ciki. Daga nan hanya ta gangara cikin lunguna da mota ba ta iya shiga. Jakuna da alfadarai ne ke dakon kaya, daga tukunyar gas har buhun siminti, masu su na ihun "balak", wato a kauce. Ana cewa lungunan sun kai dubu 9. Hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1981.

Sun yi sallar azahar a masallacin Ƙarawiyyin, wanda wata mata mai suna Faɗima al-Fihri ta kafa a shekara ta 859, kuma ake lissafa shi cikin cibiyoyin ilimi mafi daɗewa da har yau ba su daina aiki ba. A wannan birni ne Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya tashi ya yi karatu. Littafinsa da aka buga a birnin Benis na Italiya a 1550 ya kawo bayanin Agadas, Kano, Katsina, Zamfara da Gobir, har ya ambaci takalman da masu sana'a ke ɗinkawa a Gobir ana kai su Tumbutu da Gawo. Ɗan Maraɗin, wanda kakanninsa ƴan Tsibiri ne, ya ce bai taɓa jin wannan a aji ba.

Ɗan Damagaram ɗin yana da saƙon da aka ɗora masa tun ranar da zai bar gida. Kakarsa ƴar Tijjaniyya ce, kuma ba ta san Rabat ko Kenitra ba, Fas kawai ta sani, garin da Shehu Ahmadu Tijjani ya zauna daga 1798 har rasuwarsa a 1815. Ta ce masa idan Allah ya kai shi, ya yi mata addu'a a zawiyyar Shehu. Shekara ɗaya da rabi yana ƙasar bai samu zuwa ba. A ƙofar zawiyyar, cikin masu ziyara daga Senegal da Najeriya, suka ji Hausa na tashi. Wani dattijo Bakano ne da ya zo da ƴarsa. Suka durƙusa suka gaishe shi da Baba Alhaji, shi kuma ya riƙa kiran su ƴaƴana, ya tambayi garin kowa da abin da yake karantawa, ya sa musu albarka, ya danƙa musu dabino. Daga bakin ƙofar ɗalibin ya aika wa kakarsa saƙon murya ta wayar ƙanwar mahaifinsa cewa alkawari ya cika.

Warin da ya san shi

Kafin su fita daga tsohon birni sai da suka hau benen wani mai shagon fata don leƙa majemar Shuwara, mafi girma a Fas. Akan miƙa wa baƙo reshen na'ana'a ya kara a hanci saboda wari. Turawan da ke wurin sun toshe hanci, shi kuwa ɗan Damagaram ya ce warin bai zame masa baƙo ba, don ya sha wucewa ta gefen majema a garinsu. A ƙasa, ramuka ne jere kamar na marina, maza tsaye cikinsu har gwiwa a wannan sanyi, suna jiƙa fata a ruwan farar ƙasa da kashin tantabara kafin a rina ta.

Alaƙar ta wuce wari. Shekaru aru-aru, fatar jar akuya ta ƙasar Hausa, irin wadda ake kira jar akuyar Maraɗi a Nijar, ta Sakkwato a Najeriya, ta riƙa ƙetare Sahara a kan raƙuma zuwa tasoshin Arewacin Afirka. Daga can ta shiga Turai, inda ake sayar da ita da sunan fatar Maroko, ana rufe littattafai masu tsada da ita. Kalmar Faransanci da ake rubutawa a ƙofar shagunan dukawa a Yamai da Damagaram, maroquinerie, daga sunan Maroko ta samo asali. Wani ɓangare na sunan da ƙasar ta yi a harkar fata, gumin majeman Hausa ne da bagaruwarsu.

Abincin rana kwanon bisara ne, wani fate na wake da man zaitun da burodi, mai araha da riƙe ciki. Ba duk abin da suka gani a ranar ne ya yi musu daɗi ba. Samari masu neman a ɗauke su jagora sun bi su lungu-lungu, kuma da suka ƙi, ɗaya ya jefe su da wata kalma da baƙar fata ke yawan ji a titunan ƙasar. Da magariba, a wata mahaɗar hanya a sabon gari, suka wuce wasu matasa baƙar fata da ke bara a gaban motoci idan danja ta tsayar da su. Ɗan Tawan ya ce yawancinsu masu jiran hanyar Sifen ne da kuɗi ya ƙare musu. Ya tunatar da baƙinsa kowa ya riƙe katin zamansa a aljihun ciki, domin idan aka zo kame ba a karanta ɗalibta a goshi.

Lahadi: hawan dutse

Da sassafe suka kama babbar tasi, irin mai ɗaukar mutum shida wadda ba ta tashi sai ta cika. Fas na kan tudun da bai wuce mita 400 daga matakin teku ba, Ifran kuwa mita 1,665. Iska kan rage zafi da kimanin digiri 6 da rabi a duk hawan mita 1,000, don haka tafiyar awa ɗaya da ɗan kai ta isa ta rage wajen digiri 8. Bayan garin Imuzzar, mai gonakin tuffa, suka fara ganin farin abu a gefen hanya, da farko kamar gishirin Bilma da aka watsar, daga baya ya rufe ƙasa baki ɗaya.

Turawan mulkin mallaka na Faransa ne suka zana garin Ifran a 1929, don ma'aikatansu su samu inda za su gudu daga zafin bazara. Shi ya sa suka yi gidajen irin na tsaunukan ƙasarsu, da rufi mai gangara don kada ƙanƙara ta taru a kai, suka dasa itatuwan da suka kawo daga Turai. Har yau ana yi wa garin laƙabi da ƙaramar Suwizalan. Kamannin Turai da ke ruɗar masu kallon hoto a gida, da gangan aka gina su.

A nan ne aka auna sanyi mafi tsanani da aka taɓa rubutawa a nahiyar Afirka: digiri 23.9 ƙasa da sifili, ranar 11 ga Fabrairun 1935. Sarkin Maroko na da fada a garin. Ƴan tseren ƙasar, irin su Hisham El Guerrouj da ya ci zinare biyu a gasar Olamfik ta 2004, sun sha zuwa atisaye saboda tsayin wurin. Akwai kuma jami'ar Al Akhawayn da aka buɗe a 1995, mai koyarwa da Ingilishi a kan tsarin Amurka. Sunanta na nufin ƴan'uwa biyu, wato Sarki Hassan na biyu da Sarki Fahad na Saudiyya. Kuɗin zango ɗaya a cikinta ya zarce abin da ɗalibin ke karɓa a shekara guda nesa ba kusa ba. Daga bakin ƙofa suka hange ta.

A tsakiyar gari suka bi layi don hoto da gunkin zakin da aka sassaƙa da dutse, wanda ke tuna zakin Atlas da ya ɓace daga dawa a ƙarni na 20. Sai da suka yi kusan rabin awa a layin, domin duk ƙarshen makon da ƙanƙara ta sauka, iyalai kan yi ɗango daga Kasablanka, Rabat da Meknes har hanya ta cushe. Su ma ƴan ƙasar da yawa kallo ke kawo su.

Daga nan suka haɗa kuɗi da wasu baƙi suka ɗauki tasi zuwa Mishlifen, wurin wasan zamiya da ke ƙasa da kilomita 20 daga garin, a cikin bakin wani tsohon dutse mai aman wuta da ya daɗe da mutuwa. Tsayin wurin ya kai kimanin mita 2,000, kusan daidai da ƙololuwar tsaunin Bagzan na Ayar, mai mita 2,022, wanda ya fi ko'ina tsawo a Nijar. Abin da ya sa ɗaya ke samun dusar ƙanƙara ɗaya ba ya samu shi ne Atlas ya fi nisa da tsakiyar duniya, kuma daminarsa a lokacin sanyi take zuwa, da hadarin da ke tasowa daga tekun Atlantika. Sanyin Nijar kuwa na hunturu ne, busasshe, ba hadari a sama.

Ba su da kuɗin hayar kayan zamiya na ƙafa. Abin da suka iya shi ne wani ɗan katako da ake zama a kai a sulale daga tudu, wanda samarin yankin ke bayarwa haya, tare da takalman roba. Ɗalibin ya ƙi hayar takalman don ya rage kashe kuɗi, ya ɗaura leda a kan safa ya mayar da takalminsa na ƙwallo. Minti 20 na farko dariya ce da jifa da dunƙulen ƙanƙara. Bayan nan yatsun hannunsa suka daina jin wayar da yake riƙe da ita, batirinta kuma ya faɗi warwas, kamar yadda sanyi ke yi wa batir. Hoton da ya zagaya danginsa, ɗan Yamai ne ya ɗauke shi da tasa wayar, a lokacin da haƙoran mai hoton ke kaɗawa.

Waɗanda ba su zo kallo ba

Yaron da ya ba su hayar katakon bai wuce shekara 15 ba, hannunsa duk ya tsage. Da ɗalibin ya ji shi yana magana da wata tsohuwa mai sayar da shayi, sai ya tsinci kalmar aman, wato ruwa, kamar yadda Abzinawan da ya tashi tare da su a Damagaram ke faɗa. Mutanen tsaunin Amazik ne, harshensu dangin na Abzinawa ne, kuma tun kundin tsarin mulkin 2011 ya zama harshen hukuma tare da Larabci. Baƙaƙen Tifinag da ke kan allunan ma'aikatu a Maroko ƴan'uwan waɗanda ake gani a Agadas ne.

Ga waɗannan mutane, ƙanƙara kasuwa ce ta ƴan makonni, kuma wahala ce ta watanni. Idan ta sauka da yawa jandarmomi kan rufe hanyoyi, ƙauyukan da ke can ciki su yanke daga asibiti da kasuwa, makiyaya su rasa inda tumaki za su yi kiwo. Itacen hura wuta kan ci kaso mai yawa na abin da gida ke samu. A sanyin 2006 zuwa 2007, mutuwar yara da dama a ƙauyen Anfgu da ke cikin tsaunukan ta girgiza ƙasar, kuma a shekarun da suka biyo baya hukumomi kan kai barguna, abinci da asibitin tafi-da-gidanka yankunan idan sanyi ya tsananta.

Idan kuma ba ta sauka ba, wata matsalar ce ta fi wannan. Ƙanƙarar Atlas ita ce rumbun ruwan ƙasar: tana narkewa a hankali ta ciyar da koguna irin su Sebu, wanda ke bi ta kusa da Fas ya faɗa teku a gefen Kenitra. A shekarun farin da Maroko ta jera, tafkin Dayat Awwa da ke kusa da hanyar Ifran ya ƙafe ƙaf, dabbobi suka ragu har ta kai a watan Fabrairun 2025 Sarki Muhammad na shida ya roƙi jama'a su haƙura da layya a wannan shekarar. Ɗalibin ya ce da ya ji direban tasi na lissafin shekarun da ruwa ya yi ƙaranci, sai ya ji kamar hirar dattawa ce a Mirya ko Matamai.

Saƙonnin da suka biyo baya

Sun sauko daga tsaunin kafin magariba, don kada a rufe hanya ko masu tasi su ninka kuɗi, suka kama jirgin dare. Yana cikin jirgin ya sa waya a caji ya ɗora hoton. Kafin su kai Sidi Kasem saƙonni sun fara shigowa.

Na farko barka ce da fatan alheri. Washegari salon ya canja. Wani ɗan'uwan mahaifiyarsa ya aiko da saƙon murya mai tsawo, ya fara da addu'a ya ƙare da batun kuɗin magani. Wani abokin ƙuruciya ya nemi ya sayo masa waya. Wata gwaggo ta je har gida ta yi wa mahaifiyarsa murnar ɗanta ya shiga Turai. Mahaifinsa bai ce komai a kan hoton ba, ya dai tambaye shi ko kuɗin da ya aiko a farkon wata sun isa, tambayar da ɗalibin ya ce ta fi duk sauran yi masa nauyi.

Wanda ya hana shi barci shi ne saƙon ƙanensa mai shekara 18. Yaron ya rubuto yana kiran sa Yaya kamar kullum, ya ce shi fa ya gaji da karatun da ba a ga ƙarshensa, idan bak ba ta yi ba a bana zai bi ta Agadas ko Aljeriya ya same shi, tunda an ce daga nan Sifen taku ɗaya ce.

A taswira haka abin yake. Mashigin ruwan da ya raba Maroko da Sifen bai wuce kilomita 14 ba a inda ya fi ƙunci, kuma garuruwan Sabta da Melila, da ke hannun Sifen, a kan ƙasar Afirka suke. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ranar 24 ga Yunin 2022, a shingen Melila, aƙalla mutum 23 suka mutu bisa alƙaluman hukumomin Maroko, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam kuma suka ce adadin ya fi haka. Yawancin waɗanda suka yi yunƙurin ƙetarawa a ranar ƴan Sudan ne. Matasan da ɗaliban suka gani suna bara a Fas daren Asabar suna cikin waɗanda suka tsira da rai amma hanyar ta tsaya musu.

Ɗalibin bai goge hoton ba. Ya ce ya yi wata uku yana tara kuɗinsa, kuma ba laifi ba ne ɗan talaka ya ga ƙanƙara sau ɗaya a rayuwarsa. Abin da ya yi shi ne ya ƙara wasu hotunan ya aika wa ƙanen shi kaɗai: ɗakin da suke kwana su biyu a kan katifu a ƙasa, bangon da danshi ya yi wa baƙi, tukunyar taliyar da za ta kai su kwana biyu, da takardar da suke rubuta bashin mai shago. Ya kira shi suka yi kusan awa guda, ya faɗa masa cewa shi da bak ya shigo, ta filin jirgin sama, da fasfo da takardar gurbin karatu, kuma duk da haka ga yadda ake zaune.

Kafin a ɗaura niyya

Ɗaliban da suka daɗe a ƙasar na ba sababbi shawarwari kusan iri ɗaya game da wannan tafiya. A duba hasashen yanayi da halin hanya kafin a sayi tikiti, domin akwai makonnin da za a je a tarar da tsaunin ƙasa ce zalla, akwai kuma waɗanda ake juyo da motoci daga shinge. A tafi da katin zama da katin ɗalibi. A ajiye kuɗin dawowa daban, kada a taɓa su ko da me. Takalmi da safar hannu sun fi ƙatuwar riga muhimmanci, tunda ta ƙafa da yatsu sanyin ke kayar da mutum.

Gargaɗin da suka fi nanatawa ya shafi ɗaki ne. Yawancin gidajen haya a Maroko ba su da na'urar ɗumama ɗaki, kuma duk lokacin sanyi ana samun mutanen da suka mutu cikin barci ko a banɗaki saboda iskar gawayi ko ta na'urar dafa ruwa mai aiki da gas a wurin da aka rufe ruf. Iskar ba ta da wari ko launi. Wanda ya saba kwana da kaskon wuta a hunturun gida, a ɗakin da iska ke shiga ta ko'ina, yana iya yin wannan kuskure a ɗakin siminti mai tagar gilashi.

Da su ukun suka yi lissafi a daren Litinin, tafiyar ta ci wa kowannensu fiye da rabin tallafin wata guda, ga sauran kwana 12 kafin wata ya mutu, ga mura da ta kama biyu daga cikinsu. Kakar ɗan Damagaram ɗin ta sa an sake kunna mata saƙon zawiyya sau da yawa, ba ta kuma tambayi komai game da ƙanƙara ba. Ƙanen bai yi alkawarin komai ba. Ya dai nemi Yayan ya turo masa jerin takardun da ake buƙata wajen neman gurbin karatu, da makin da ya kamata mutum ya samu a bak kafin a duba takardunsa.